Faifan Yaya

Yayata malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Dambatta. Da asuba ta dama koko, ta shirya yara huɗu, ta wuce makaranta; da la'asar ta soya ƙuli-ƙulin sayarwa. Sai bayan isha'i take ɗauko kaba ta saƙa faifai, wanda ba ta sayarwa. Surukarta ta ce ɓata lokaci ne.

Ni da nake rubuta manhajar kwamfuta, na saba auna aiki da ribarsa, har na kusa goyon bayan tsohuwar. Amma idan kowace sa'ar mace ta wani ce, ina tata? Aikin gida ba ya ƙarewa. Wadda aka ce ta huta bayan ta gama, an hana ta hutu ke nan.