Ƙarfen Wa Aka Tono?

Tsakanin 1950 da 1952, wani matashin masanin tonon kufai mai suna B. B. Lal ya haƙa wani tudu da ake kira Hastinapur, a jihar Uttar Pradesh ta arewacin Indiya. Ba haka kawai ya zaɓi wurin ba. Duk wanda ya taso yana jin labarin Mahabharata ya san sunan, domin a kan sarautar wannan birni ne 'ya'yan wa da ƙane suka gwabza yaƙin da ya kusa ƙarar da su baki ɗaya. Lal ya bi ƙasa hawa-hawa har ya isa inda tsingaron wasu kwanukan yumɓu suke, sirara, masu ruwan toka, an yi musu ado da baƙin zane. Tare da su akwai ƙasusuwan doki, da ƙonanniyar shinkafa, da alamun gidajen laka. Akwai kuma kashin maƙera, dattin nan da yake saura idan an narka tama. Sai ya lura ambaliya ta taɓa zaftare gefen garin. Tsofaffin littattafan Purana kuwa sun ce kogin Ganga ya cinye Hastinapur a zamanin wani sarki Nicakshu, har ya mayar da fadarsa Kaushambi.

Wa zai ga haka zuciyarsa ba ta buga ba? Lal ya karkata ga cewa masu kwanukan nan su ne mutanen Mahabharata. Mu ma da mu ne a bakin ramin, da wuya mu tsallake wannan tarko. Amma abin da ƙasa ta bayar shi ne tsingaro da ƙashi da laka. Suna kuwa daga littafi aka ɗauko shi aka liƙa. Littafin ya yi zancen fadoji da rundunoni, ramin ya nuna ƙauye babba na manoma da makiyaya. Har kwanukan tokan da aka raɗa wa mutanen suna da su, kaɗan ne cikin kayan girkinsu, yawanci jajayen tukwane ne na yau da kullum. Ke nan mun kira al'umma guda da sunan kwanon da take fitowa da shi in an yi baƙo.

Tambayar da take damun mu ita ce: wane haƙƙi muke da shi na raɗa wa mamaci sunan da bai gaya mana ba, sannan mu ce kakanmu ne, mu ci gadonsa?

Ƙarfe ya fi tukunya jawo wannan rigima, saboda an daɗe ana ɗaukar sa ma'aunin wayewa. Masanan zamanin mulkin mallaka sun fi yarda cewa duk wata fasaha daga waje ta shigo Indiya. Mortimer Wheeler, wanda ya shugabanci hukumar tonon kayan tarihi ta ƙasar a shekarun 1940, yana ganin ta hanyar daular Farisa ƙarfe ya iso, wajen shekara 500 kafin Miladiyya. Wasu suka ce Ariyawa ne suka zo da shi daga yamma tare da dawakansu. Wannan tunani ba baƙo ba ne a gare mu. Da Bernard Fagg ya tono murahun narka tama na mutanen Nok a Taruga, tambayar da aka fi yi ita ce ko daga Meroe aka koyo ko daga Kartaj, kamar dai baƙar fata ba zai iya kallon dutse ya gano abin da ke cikinsa ba.

Su kansu littattafan Veda ba su raba gardama ba. Rigveda, mafi tsufa a cikinsu, ya ambaci wani ƙarfe da yake kira ayas, wanda yawancin masana suke ganin tagulla ne ko jan ƙarfe. Sai a Atharvaveda da sauran na baya aka bambance mai baƙi da mai ja. Abin sha'awa, haka Bahaushe ya raba su: baƙin ƙarfe da jan ƙarfe. Ido ɗaya ne ko'ina.

Daga baya ƙasa ta fara ƙaryata masu cewa daga waje ne. A Atranjikhera, R. C. Gaur ya samu ƙarfe mai yawa tare da kwanukan toka. A Hallur da ke Karnataka, can kudu, an samu ƙarfen da ya kai kimanin shekara 1000 kafin Miladiyya, a wajen mutanen da suke binne matattunsu ƙarƙashin manyan duwatsu. A 2003 Rakesh Tewari ya wallafa sakamakon tonon Malhar da Raja Nala ka Tila da wasu wurare a Uttar Pradesh, inda gwajin kabon ya mayar da ƙarfe baya zuwa tsakanin 1800 da 1000 kafin Miladiyya. Sai a watan Janairun 2025 babban ministan jihar Tamil Nadu, M. K. Stalin, ya tsaya gaban jama'a ya sanar da cewa gawayin da aka samu a maƙabartar Sivagalai, inda ake binne mutane cikin manyan randuna tare da kayan ƙarfe, ya nuna shekara 3345 kafin Miladiyya. Ya ce zamanin ƙarfe a ƙasar Tamil ya fara.

Mu lura da wanda ya yi sanarwar: ɗan siyasa ne, shugaban jam'iyyar da ta ginu a kan cewa Tamilawa suna da tarihinsu da bai dogara da Sanskrit da arewa ba. Wannan bai sa lissafin ya zama ƙarya ba. Sai dai gwajin kabon shekarun gawayi yake faɗa, wato lokacin da itacen ya daina rayuwa. Kafin a ce shekarun wuƙar da ke kusa da shi ke nan, sai an tabbatar hannu ɗaya ya ajiye su a rana ɗaya, ba tsohon gawayi ne ya gangaro cikin sabon kabari ba. Shi ya sa masana da dama suka ce a ƙara tono, a ƙara gwaji. Mai neman gaskiya yana iya jira, amma mai neman ƙuri'a zaɓe ba ya jiransa.

Za a iya cewa: to mene ne laifi? Al'ummar da aka shekara ɗari biyu ana gaya mata cewa komai nata aro ne, in ta samu hujja a cikin ƙasarta, ai tana da damar yin guɗa. Mun yarda da rabin wannan magana. Wanda aka raina yana buƙatar abin da zai ɗaga kansa da shi, kuma gyara ƙaryar da aka yi wa tarihi aikin adalci ne. Inda muke tsoro shi ne daga "a nan aka yi" zuwa "mu muka yi" taku ɗaya ne, daga nan zuwa "ku baƙi ne" ma taku ɗaya. Indiya ta ga ƙarshen wannan hanya. Shi dai Lal ɗin nan ya yi tono a Ayodhya a shekarun 1970, a 1990 kuma ya rubuta cewa ya ga gindin ginshiƙai kusa da masallacin Babri. Abokan aikinsa suka rabu biyu a kan ma'anar abin. Ranar 6 ga Disamba 1992 taron jama'a ya rushe masallacin, tarzomar da ta biyo baya ta ci rayuka kusan 2,000. Ba Lal ne ya ɗauki diga ba, kuma rigimar ta girme shi. Amma maganar da aka fito da ita daga rami ta zama makami a hannun waɗanda ba su taɓa karanta rahoton tono ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan ci mana rai. A duk wannan ja-in-ja, tsakanin arewa da kudu, tsakanin Ba'ariye da Badirabide, ba a cika tambayar wane ne ya zauna gaban murhu ba. Narka tama aiki ne na wahala. A ƙaramin murhun laka, wutar gawayi ba ta mayar da baƙin ƙarfe ruwa kamar yadda take yi wa jan ƙarfe. Abin da yake fitowa curi ne mai ramuka, cike da datti, sai an mayar da shi wuta an yi ta dukansa da masaɓa kafin ya zama abin ƙira. Wani ya san dutsen da ya dace, wani ya san itacen da gawayinsa yake jure zuga, wani ya yini yana taka zugazugi. A Delhi akwai ginshiƙin ƙarfe mai tsawon fiye da mita 7 da nauyin kusan tan 6, wanda aka ƙera wajen shekara ta 400 Miladiyya ta hanyar haɗa curi da curi da duka, har yau kuma tsatsa ba ta cinye shi ba. Rubutun jikinsa yabon wani sarki ne mai suna Candra. Maƙeran ko ɗaya ba a ambata ba.

To su wa suka gaje su? In muka ce wata ƙabila ce jikokinsu na jini, mun faɗa ramin da muke gargaɗi a kai. Amma ban da gadon jini akwai gadon hannu, shi kuwa ana iya ganin sa. Agariya na tsakiyar Indiya, waɗanda Verrier Elwin ya rubuta littafi a kansu a 1942, da Asur na tsaunukan Jharkhand, sun ci gaba da narka tama a ƙananan murahun laka har cikin ƙarni na 20. Matsayinsu a tsarin al'umma yana can ƙasa. Su Asur ma sunansu ɗaya da halittun da littattafan Hindu suke kira abokan gaban alloli. Dokokin gandun daji na Turawan mulki, musamman ta 1878, suka tsuke musu hanyar samun itacen gawayi, ƙarfen Ingila mai araha ya cika kasuwa, murahu suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Yau gwamnatin Indiya tana lissafa Asur cikin ƙabilun da suka fi kowa rauni.

Idan da gaske ƙarfen ne abin alfahari, da waɗannan mutane aka fara girmamawa. Da yake mataccen maƙeri ake wa biki a bar rayayye, muna zargin cewa abin da ake so a wajen mamacin shi ne shirunsa. Ba ya neman fili ko makaranta, ba ya kuma musa sunan da aka ba shi.

A farkon ƙarni na 20, Dorabji Tata da wani Ba'amurke masanin duwatsu, Charles Weld, suna yawo a yankin Chhattisgarh suna neman tama mai kyau don kafa masana'anta. A wani ƙauye suka ci karo da wasu Agariya ɗauke da kwandunan dutse. Suka tambaye su inda suka samo, mutanen suka nuna wani tsauni can nesa. Tsaunukan Rajhara ke nan, waɗanda tamarsu take cikin mafi kyau a ƙasar. Ƙarancin ruwa ya sa Tata suka kafa masana'antarsu a wani wuri, wanda yanzu ake kira Jamshedpur, da sunan mahaifin Dorabji. Tamar Rajhara kuwa daga baya ita ta ciyar da babbar masana'antar ƙarfe ta Bhilai. Labarin ya shiga littafin tarihin 'yan makaranta a Indiya, da sunan Tata da sunan Weld cikakku. Masu kwandunan an dai ce Agariya ne.