MUSULMI A KAN TSAUNIN MAM TOR: WA KE DA HAƘƘIN HAWA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ranar 25 ga Disamba, 2021, wasu Musulmi sama da ɗari, maza da mata, suka yi tattaki zuwa saman wani tsauni da ake kira Mam Tor a ƙasar Ingila. Tsayinsa mita 517, yana cikin Peak District, yankin da hukuma ta keɓe a 1951 ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, tsakanin Manchesta da Shefild. Ƙungiyar Muslim Hikers ce ta shirya fitar, wadda Haroon Mota, mazaunin Coventry, ya kafa a 2020 lokacin kullen korona. Sun hau lafiya, sun sauko lafiya. Sai da aka ɗora hotunansu a wani zauren Facebook na masu tattaki sannan ƙura ta tashi. Wasu suka ce sun zo lalata hanya, wasu suka ce waɗannan ba masu tattakin gaske ba ne, har da wanda ya kwatanta su da garken namun daji masu ƙaura. A yi adalci, Turawa da yawa sun fito sun kare su.

Masu tambayar "me ya kai su?" kashi biyu ne. Akwai na waje, masu ƙin launi da addini. Akwai kuma namu na gida, waɗanda da sun ga Musulmi da jaka a baya da sanda a hannu sai su ce kwaikwayon kafirai ne, ballantana ma ranar Kirsimeti.

Mu fara da na waje. Wanda ya tsaya a saman Mam Tor ya dubi arewa, zai hango wani tudu da ake kira Kinder Scout. A farkon ƙarnin da ya wuce, talakan Ingila bai isa ya taka shi ba. Masu ƙasa sun killace shi domin farautar wani tsuntsu mai kama da makwarwa, sun zuba masu gadi da sanduna. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan matasa ma'aikata suka haura shi da gangan, aka yi artabu da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar na wasu watanni. Jagoransu, Benny Rothman, ɗan shekara 20 ne, iyayensa Yahudawa ne baƙi daga Romaniya. Shekara 17 bayan haka, a 1949, aka yi dokar kafa gandayen ƙasa. To kun ga, mai zagin nan da ke jin dutsen gadon gidansu ne, ƙila kakansa ma da sanda aka kore shi daga wurin, kuma ɗan baƙi na cikin waɗanda suka sha ɗauri kafin ƙofar ta buɗe masa.

A Amurka abin ya fi haka muni. A gandun Shenandoah da ke jihar Bajiniya, an ware wa baƙaƙen fata wurin zama daban, Lewis Mountain, kuma wariyar ba ta kau gaba ɗaya ba sai 1950. Wanda aka nuna wa kakansa allo an ce ga iyakarka, ba a rana ɗaya zai saki jiki da daji ba. Ka haɗa da tsadar takalmi da rigar ruwa, da rashin mota, da rashin wani babba a gida da ya taɓa kai ka, da kallon da ake bin mai hijabi da shi a ƙauyen da ba a saba ganinta ba. Shi ya sa idan an ce baƙi ba sa son daji, ni ban yarda ba.

Ku buɗe Suratu Faɗir, aya ta 27 da ta 28, ku karanta a tsanake. Allah Maɗaukaki Ya ambaci ruwan sama da 'ya'yan itace masu launi daban-daban, Ya ambaci duwatsu da zane-zanensu farare da jajaye da baƙaƙe wulik, nan take kuma Ya ambaci mutane da dabbobi da bambancin launinsu, sannan Ya rufe da maganar masu ilimi da tsoronSa. Launin dutse da launin mutum a jere suka zo, duka a matsayin aya. Mutum ya yi tafiyar awa uku don ya kalli launin dutse ya yi mamaki, sannan ya ga launin ɗan Adam a kan dutsen ya ɓata rai, wannan rabin karatun ya yi.

Kuma keɓe ƙasa ba baƙon abu ba ne a Musulunci, sunansa hima. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, domin kiwon dabbobin zakka da na jihadi. Amma ku dubi umarnin da Umar ya ba Hunayyu, wanda ya ɗora a kan himar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Bukhari. Ya ce ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya shigar da mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya tsare garken Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka da 'ya'yansa zai zo yana kuka. Sahabbai biyu cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna fa! Amma a ƙofar keɓaɓɓen fili, mai ƙaramin ƙarfi aka sa gaba.

Yanzu namu na gida. Ɗan uwa, kwaikwayon da aka hana shi ne a abin da ya keɓanta da addininsu da alamominsu. Tafiya da ƙafa ba ta wani ba ce. Annabi (SAW) ya hau zuwa kogon Hira kafin aike, ya hau Sauru a hanyar hijira, ya hau Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman. Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa da lura. Ban ce hawa dutse ibada ce mai zaman kanta ba, kada a kai ni inda ban je ba. Halal ne, niyya ke ɗaga shi ko ta sauke shi. Ranar Kirsimeti kuwa, hutu ne da aka ba kowa a ƙasar, makarantu da kasuwanni a rufe. Wanda ya kwashi matasa ya kai su dutse ranar bai yi bikin kowa ba. Da a bar su a ɗaki da waya tun safe har dare, wanne ya fi?

Sai dai maganar lalata hanya, ko daga bakin maƙiyi ta fito, a duba ta. Mutum ɗari in suka bazu a kan ciyawa za su yi ɓarna, ko wane ne su. Mu aka koya wa cewa kawar da cuta daga hanya yanki ne na imani, mu aka hana yin bayan gida a hanyar mutane ko inuwarsu. Don haka a bi turbar da aka shata, a dawo da leda da gora a jaka, a bar ƙofar shinge yadda aka same ta, domin mafi yawan filayen nan gonakin mutane ne da tumakinsu. In taron ya yi yawa a raba shi. Kuma ranar da wanda ba Musulmi ba, ko sabon musulunta, ko ɗan wata ƙabila ya ce zai bi ku, kada ku bi shi da irin kallon da aka bi ku da shi. 'Yan uwa mata su fita da suturarsu, cikin tsari da aminci, ba cakuɗa ba.

Ga 'yan uwa mazauna can, abin da ya fi ba ni tsoro salla ce. A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa a wannan yanki kafin ƙarfe huɗu, wato Azahar da La'asar duk a hanya za su riske ku, ƙila har Magariba. A fita da alwala, a riƙe ruwa. In ruwa ya ƙare, ko sanyi ya kai ana tsoron cutuwa, ga dutse nan, a yi taimama. An sanya mana ƙasa masallaci da abin tsarki, ba sai an nemi gini ba, sai dai a kauce daga tsakiyar turba kada a tare wa mutane hanya. A 2023 an kafa alamomin alƙibla a hanyar Cave Dale, kusa da Mam Tor, abu ne mai kyau, amma kada a dogara da su, a koyi gane alƙibla da rana ko da waya tun kafin a bar gida.

Batun ƙasaru, a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, wajen kilomita 80. Wanda ya taso daga Landan matafiyi ne. Wanda ya taso daga Manchesta ko Shefild bai kai ba, raka'a huɗu zai yi cif, komai gajiya.

Wallahu a'alam.