Wane Bashi Muke Bin Tsohon Mawaƙi?

A teburin mai shayi a Gehuru, idan hira ta yi nisa, ba a rasa wanda zai zaro waya ya kunna Gambu. Nan take majalisa ke yin tsit, sai murmushi. Alhaji Muhammadu Gambo na Fagada, can ƙasar Maiyama, maƙwabcinmu ne, kuma da muryarsa muka tashi tun zamanin kaset. Ya yi suna da waƙar ɓarayi, daga baya ya bayyana tubarsa ya bar ta, Allah ya yi masa rasuwa a 2016. To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: in muka ce a sa mana Gambu, wanne muke nufi? Na Tsoho Tudu muke nufi. Wanda ya tuba kuwa, addu'a muke yi masa, ba mu cika neman muryarsa ba.

Wannan hali bai tsaya a kanmu ba. A Ingila akwai Mick Jagger, jagoran mawaƙan Rolling Stones, rukunin masu kiɗan rok da aka kafa a Landan a 1962. Bayan shekara ashirin da ɗoriya ana damawa da shi, sai ya ware gefe ya fitar da faifan kansa a 1985, ya ƙara da wani mai suna Primitive Cool a 1987. Na biyun nan bai yi kasuwa ba, masoyansa da dama suka yi tsaki. A 1989 ya koma cikin abokansa, suka fitar da Steel Wheels.

Tsakin masoyan Jagger da shirun da muke yi wa Gambu mai tuba sun yi kama, sai dai asalinsu daban ne, kuma a nan tambayar take.

A wajen Jagger, muryar tana nan, abin da ya ɓace shi ne jitar Keith Richards. Mu da muka san kiɗan fada ba sai an yi mana dogon bayani ba: ɗauke 'yan amshi daga bayan Narambaɗa ka ji abin da zai saura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai sauraron da ya ce faifan ya yi rauni bai zalunci kowa ba. Hasali ma yabon aikin da bai kai ba, don kawai mai shi ya manyanta, wani nau'in raini ne, kamar ka ce wa dattijo ba a sa ran komai daga gare shi kuma.

Namu lamarin ya fi nauyi. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun saba da koken masu amfani da ita: duk ranar da aka sabunta, sai an sami masu cewa a mayar musu da tsohuwar. Sau da yawa tsohuwar ce mai ɓaraka, ita ce ɓarawon intanet ke shiga ta cikinta, amma hannu ya saba da ita. Manhaja ana iya mayar da ita baya. Mutum fa? In muka ce mun fi son tsohon Gambu, me muke roƙo ke nan? Muna so bawan Allah ya dawwama a abin da shi da kansa ya ga bai dace ya haɗu da Ubangijinsa a kai ba, don mu ji daɗin shan shayi. Kuma kowane gwanin dare da aka wasa a waƙa, akwai gidan da aka wayi gari a cikinsa ana salati. A yau da satar shanu ta hana ƙauyuka da yawa barci a Kabi da Zamfara, wannan ba abin da za mu tsallake da dariya ba ne.

Ba muna cewa a goge waƙoƙin ba. Hikimar harshen da ke cikinsu gaskiya ce, shi ya sa malaman jami'a irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza suka yi nazarinsu. Abin da muke cewa shi ne mu raba hukunci biyu da muke cakuɗawa. Aiki muna da damar auna shi, mu ce wannan ya kai, wancan bai kai ba. Rayuwar mai aikin kuwa tasa ce. Kaset muka saya, ba mutumin ba.

Wataƙila ma ba Gambu muke kewa ba. Ƙuruciyarmu muke nema a cikin muryarsa, lokacin da muke bayan motar albasa daga Aliero direba ya ƙure rediyo. Wannan bashin kuwa ba shi ya ci ba, balle mu bi shi har kabari. Allah ya karɓi tubarsa, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin barin abin da ake tafa mana a kai.