Taya Tana Sacewa, Fasinja Bai Sani Ba

Masu babur sun kasa matsalar taya gida biyu: akwai fashewa, akwai sacewa. Fashewa ba ta sallama. Ƙara ɗaya za ka ji, sai ka tsinci kanka a gefen hanya kana salati, kuma duk wanda ta faɗa wa jaje kawai ake yi masa. Sacewa ita ce mai shari'a a ciki, domin tana ba mutum sani, tana kuma ba shi lokaci. Ka ba taya iska da hantsi a Wad Madani, kafin ka kai Haj Abdalla ta yi laushi, ka ƙara mata, ka doshi Sinnar kana sauraron yadda bayan babur ke rawa a ƙarƙashinka. (A nan Sudan in ka ce "babur", maƙwabcinka Balarabe zai zaci injin ban-ruwa kake nufi. Shi "motar" yake cewa, taya kuma "lastik", wurin mai faci "banshar". Zan bi kalmomin da 'yan uwa na Kano da Maraɗi suka saba da su.)

Tambayar ita ce: mai babur ya ɗauki mutum a baya, tafiyar mai nisa ce, ya kuma san tayarsa tana sacewa a hankali. Wajibi ne ya faɗa masa, ko kuwa ya ja bakinsa ya riƙa lallaɓa ta har su isa?

Na taɓa jefa wannan tambaya a wani shirina na rediyo, ina zaton minti biyar za ta ci. Sai da ta cinye shirin. Masu babur suka yi ta bugo waya, galibinsu a fusace. Hujjarsu ba ta banza ba ce, don haka bari in shimfiɗa ta yadda suka kawo ta. Suka ce babu babur ɗin haya a ƙauyukanmu da tayarsa ba ta da faci uku ko huɗu. Hanyoyin gefen magudanan ruwa na Jazira cike suke da ƙayar aduwa da farar ƙaya, baƙar ƙasar nan kuma in ta bushe da rani tsagewa take yi, ta yi kaifi. In sai taya ta zama lafiyayya sarai za a ɗauki fasinja, to kowa ya ajiye babur ya koma jaki. Wani ya ce: "Malam, in na faɗa masa zai sauka ya hau na wani, alhali na wancan ma sacewar take yi, bakinsa kawai ya rufe. Ka ga an hukunta mai gaskiya ke nan." Wani dattijo kuma ya kawo abin da ya fi nauyi: mace ce ta goyo yaro da zazzaɓi za ta asibiti a Sinnar, hankalinta a tashe. Mene ne amfanin ƙara mata wani tsoron?

Na yarda da rabin maganarsu. Ci gaba da tafiya a kan taya mai sacewa ba laifi ba ne a kowane hali. Tsayawa ma tana da nata haɗarin. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023, dare ya yi wa mutum a hanyar Sinnar zuwa Sinja ko Damazin ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba kowane gari za ka sami mai faci a rumfarsa ba. Mu kuwa mun fi kowa sanin cewa tsayawa kan zarce abin da aka yi niyya. Kakanninmu Makka suka nufa. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kudu da Sinnar. Wasu sun yada zango su tsinci auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, da nufin su haɗa guzuri su wuce. Ga mu nan har yau. Don haka ba zan ce wa matafiyi duk abin da ya faru ya tsaya ba.

Inda na rabu da su shi ne wurin yin shiru.

Mai karatu, dubi abin da mai babur ya sani wanda na bayansa bai sani ba. Ya san wace taya ce. Ta baya in ta sace, babur yakan yi lilo, gwani zai iya riƙe shi ya tsaya. Ta gaba in ta sace ana cikin gudu, kan babur ne ke ƙwacewa, kuma da wuya a sha. Ya san tazarar da ke tsakanin famfo da famfo: in da safe awa biyu take ɗauka kafin ta yi laushi, da azahar ta koma rabin awa, hujin buɗewa yake yi. Ya san taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka saboda yawan lanƙwashewa, kuma in ta faɗa rami ƙarfen wili zai matse tiyub ya huda shi wuri biyu. Mafi muni, tayar kan zame a jikin wili ta ja tiyub har bawul ya tsinke daga gindi, wannan kuwa babu sholishon da zai kama shi. Ya san nauyin mutum biyu da buhu yana gaggauta duk waɗannan. Sanin duka yana hannun mutum ɗaya, amma in aka faɗi mutum biyu ne za su sha ƙasa, kuma na baya, wanda bai riƙe komai ba, bai kuma shirya ba, shi ya fi jin jiki.

A zauren karatu an koya mana a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid cewa ɓoye aibin haja haramun ne a ciniki. Muna tuna wannan in za a sayar da akuya ko buhun dawa, mu manta da shi in abin da ake sayarwa tafiya ce. Wanda ya biya kuɗin babur ya sayi isa lafiya gwargwadon iko. In akwai aibi a abin hawan, yana cikin cinikin. Ba na ganin bambanci tsakanin mai shafa wa ramammiyar dabba mai don ta yi sheƙi, da mai zagayawa bayan rumfa ya ba taya iska don kada fasinja ya gani.

Saura maganar matar nan mai goyo, wadda ta fi tsaya mini a rai. Tausayin dattijon na gaske ne, amma ya yanke hukunci a madadinta. Wataƙila da an faɗa mata za ta ce a tafi haka, ɗana ya fi mini komai. Wataƙila za ta ce a bi a hankali, ko ta kwance goyon ta rungume yaron a gaba, ko ta jira motar da ke tafe. Kowanne ta zaɓa, ita ce uwar yaron, ita ta san yadda jikinsa yake tun daren jiya. Mai babur taya ya sani, bai san yaron ba. Sai an haɗa sanin biyu ake samun shawara, kuma ba za su haɗu ba in ɗaya ya yi gum. Sau da yawa abin da muke kira "kada in tayar masa da hankali", in an tona, "kada ya sauka" ne.

Shi kuma mai cewa za a hukunta mai gaskiya, ba zan yi masa ƙarya ba: wata rana zai rasa fasinja. Sai dai ƙauye ba birni ba ne. Mutanen da yake ɗauka yau su zai ɗauka ranar kasuwa mai zuwa, kuma labarin wanda ya kayar da tsohuwa a kan tayar da ya san tana sacewa yakan riga shi isa tasha.

Faɗar ma ba ta buƙatar dogon bayani. "Baba, tayar baya tana ɗan sacewa, zan riƙa tsayawa ina ba ta iska, in mun sami mai faci a Wad al-Haddad mu tsaya." Shi ke nan. Facin kansa ba ya kai awa guda: a zare tiyub, a hura shi, a tsoma a kwanon ruwa a ga inda kumfa ke fita, a kankare wurin, a shafa sholisho, a bari ya sha iska kafin a manna. Mai faci na ƙwarai ba ya mayar da tiyub sai ya zura yatsunsa ya shafa cikin tayar zagaye guda, don sau da yawa ƙayar tana nan a maƙale, kanta kawai ya karye daga waje.