Kada Ka Ci Irinka

Ya mai karatu, ka san watannin bazara, sa'ad da hatsi ya yi ƙasa a rumbu, damina kuwa ba ta faɗi ba. Akwai damin gero wanda maigida ya ware tun kaka, ya ce na iri ne. Yara suna kuka, ciki yana ƙugi, yana cewa a sussuke a ci. Ciki bai yi ƙarya ba, yunwar gaskiya ce. Amma manomi ya san wata gaskiya da ta fi ta: wanda ya ci irinsa, ran da ruwa ya sauka sai ya tsaya yana kallon gonakin maƙwabta. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 a ƙasarmu ta Nijar sun san nauyin wannan shawara.

To, kai fa? In babbar magana ta taso maka, wa kake bi: abin da zuciyarka take ji, ko abin da Allah ya faɗa?

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wani mutum wanda ya ci irinsa. A cikin Farawa sura 25, Isuwa maharbi ya komo daga jeji a galabaice, ya iske ƙanensa Yakubu yana dafa jan wake. Yakubu ya ƙi ba shi sai ya sayar masa da matsayinsa na ɗan fari. Isuwa ya ji kamar zai mutu, ya rantse, ya sayar. Yunwarsa ta wuce a ranar nan, hasararsa kuwa ba ta wuce ba. Ibraniyawa sura 12 ta gaya mana daga baya ya nemi albarkar har da hawaye, bai samu ba. Da-na-sani ƙeya ce.

Watakila ka ce, "Ashe jin tsoro ko baƙin ciki zunubi ne?" A'a. Allah ne ya halicce mu da zuciya mai ji. Yesu Almasihu kansa ya yi hawaye a kan mutuwar abokinsa Li'azaru. A lambun Getsamani, daren da aka bashe shi, baƙin ciki ya kama shi ƙwarai, har ya roƙi Uba, in mai yiwuwa ne, a ɗauke masa wannan wahala. Duk da haka ya zaɓi nufin Uba, ya tafi gicciye. Da ya bi abin da ya ji a daren nan, da ni da kai ba mu da Mai Ceto. Abin da kake ji ɗan aike ne, yana kawo maka labari. Ka saurare shi, amma kada ka naɗa shi sarki.

Ɗanka yana kwance da zazzaɓi, tsoro ya ce ka tafi wurin boka. Gaskiya ta ce ka kai shi asibiti, ka yi addu'a ga Allah mai rai. Matarka ta ɓata maka rai, fushi ya ce ka kore ta. Gaskiya ta ce ka yi alkawari a gaban Allah, ka gafarta kamar yadda aka gafarta maka. Ka tashi da safe zuciyarka a bushe, shakka ta ce Allah ya yashe ka. Gaskiya ta ce cetonka yana bisa mutuwar Yesu da tashinsa, wannan kuwa ba ya sākewa da yanayin zuciyarka.

Saboda haka kada ka yanke shawara cikin zafin rai. Ka dakata ka kwana. Ka buɗe Maganar Allah, ka yi addu'a, ka nemi shawarar dattijo mai bi wanda ba zai ji nauyin gaya maka gaskiya ba. Sa'an nan ka yi biyayya, ko da zuciyarka tana gunaguni.

In kuwa har yanzu ba ka karɓi Yesu ba, kana jira sai ran da ka ji wani abu a ranka, ɗan'uwa, kada ka jira. Ya mutu domin zunubanka, ya tashi a rana ta uku. Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi yau.