Lalaci Ne, Ko Ciwo?

A watan Maris na 2020 gwamnati ta rufe makarantu saboda annobar korona. Cikin watan nan kuma malaman jami'a suka shiga yajin aiki, ba su janye ba sai ranar 23 ga Disamba, watau wata tara. 'Ya'yanmu da ke Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Bayero a Kano suka kwaso akwatunansu, suka komo Kiyawa da ƙauyukanta. Suna tsammani hutun 'yan makonni ne. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, suna gida.

Mun tuna yadda waɗansunsu suka zama. Yaro mai fara'a ya koma shiru. Da dare ba barci, da rana ba fita. Tuwo yakan komo yadda aka kai masa. Mu kuwa muka ce boko ya ɓata shi, ya raina fartanya. Idan yarinya ce, muka ce aure take so. Waɗansunmu har suka ce rashin bangaskiya ne. To, mun yi adalci da muka yanke shari'a haka?

Bari mu duba kayan da yaron nan ya ɗauka. Ya san ubansa ya kai gero ko akuya kasuwar Shuwarin domin kuɗin makaranta. Ya san an biya hayar ɗaki a Dutse, ga ɗakin a kulle. Ya san wanda ya wuce shekara 30 kafin ya gama jami'a ba a kiransa bautar ƙasa. Manomi, in shuka ta lalace, ya san damina za ta komo. Shi ɗalibi ba wanda ya iya gaya masa ranar komawa. Jiran da ba a san ƙarshensa ba yakan ci mutum kamar gara, daga ciki.

Ba a Kiyawa kaɗai aka ga haka ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da fargaba ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma matasa da mata ne abin ya fi taɓawa.

Lalle akwai malalaci, ba mu musa ba, kuma aiki yakan sauƙaƙa baƙin ciki. Amma akwai alama. Malalaci yana gudun gona, ba ya gudun abinci da hira. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba barcin kirki, ba cin abinci, abin da yake so dā ya fita ransa, ko kuwa yana zancen gara ya mutu, wannan ciwo gare shi. Faɗa ba ya warkar da shi, sai dai ya koya masa ɓoyewa.

Wanda zazzaɓi ya kama, mukan yi masa addu'a, mu kuma kai shi wurin likita, ba mu ce bangaskiyarsa ta gaza ba. Don me za mu bambanta ciwon zuciya? Akwai asibitin masu irin wannan larura a Kazaure, akwai kuma a Dawanau ta Kano. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Annoba ta wuce, amma tambayar tana nan, gama a 2022 aka sake rufe jami'o'i wata takwas. Ya ku iyaye da dattawa, an ce labarin zuciya a tambayi fuska. Idan ɗanmu ya yi shiru, kafin mu ba shi suna, mu zauna kusa da shi mu ce, "Me ke damunka?" Sa'an nan mu yi haƙuri mu ji amsar har ƙarshe.