Haƙƙin Maƙwabcin da Ba Shi da Ƙofa

  Ya ku 'yan'uwa, ni ba malami ba ne. Tunatarwa ce zan yi, kuma kaina nake fara yi wa.

Wata safiya a cikin hunturu, ina hanyar tashar jirgin ƙasa ta Stapleton, na bi ta gefen Tappen Park ina duba wayata, ina tura kuɗi gida domin a raba wa mabukata a unguwarmu. Ina ɗaga kai sai na ga wani dattijo zaune a kan benci, ya lulluɓa da bargo, takalmansa sun jiƙe sharkaf. Na wuce shi ban ko yi masa sallama ba. Sai da na shiga jirgi zuciyata ta tambaye ni: sadakarka ta ƙetare teku, amma ta kasa ƙetare titi?

Taimakon na gida wajibi ne, kuma sada zumunci ne. Kada wanda ya rage shi. Sai dai da yawanmu mun ɗauka talaka a Kano ko Maraɗi kawai yake, nan kuwa wurin neman kuɗi ne. Alhali Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Manzon Allah (SAW) wasiyya game da maƙwabci har ya yi zaton za a sanya shi cikin magada. Ba a ce sai maƙwabci mai gida ba, ba a kuma ce sai Musulmi ba. Mafi yawan malamai sun keɓe zakka ga Musulmi, amma sadakar ganin dama tana halatta ga wanda ba Musulmi ba, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautata wa duk wanda bai yaƙe mu ba.

Mu tuna da Ahlus Suffa, sahabban da ba su da gida ko iyali a Madina, waɗanda suke kwana a wata rumfa a masallacin Annabi, har da Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda. Ba a kore su ba. Sahabbai kan tafi da su gida su ci abinci tare. Mu ma mun tashi mun ga zaure a buɗe domin baƙo, kuma kowane zango daga Kumasi zuwa Khartum da karɓar baƙo ya kafu. Ni kaina makonnina na farko a New York a kan kujerar falon wani bawan Allah na yi su. Da ya rufe mini ƙofa, Allah kaɗai Ya san inda zan kwana.

Wani zai ce ai gwamnati tana kula da su. Gaskiya ne tun 1981 birnin New York ya ɗauki alkawarin ba da makwanci ga marasa gida, bayan shari'ar Callahan da aka shigar a 1979. Amma makwanci daban, kulawa daban. A nan tsibirin Staten, ƙungiyar Project Hospitality, wadda mabiya addinai daban-daban suka kafa a 1982, tana ciyar da mayunwata tana ba marasa gida mafaka, kuma tana da wurin raba abinci a cikin Stapleton ɗin nan. Irin wannan aiki da hannun 'yan sa-kai yake tafiya. Ina namu hannun?

Ga abin da kowa zai iya. Na farko, idan za ka ba da tufafi, ka ba da wanda kai ma za ka iya sawa. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu zaɓen mummuna mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai da runtse ido. Na taɓa cika jaka da tsummokara ina kiran ta sadaka, alhali shara nake kwashewa. Rigar sanyi mai kauri, safa sababbi, safar hannu, sabulu da man goge baki sun fi amfani, domin jiƙaƙƙen tufa yana zuƙe ɗumin jiki da sauri. Na biyu, ka ba da lokacinka, ko da awa biyu ne a wata, ka tsaya ka zuba wa mutum abinci da fara'a. Na uku, idan sanyi ya tsananta ka ga mutum a kwance a waje, ka kira 311 a turo masu kai ɗauki. Idan ba ya cikin hayyacinsa, 911. Na huɗu, ka tafi da 'ya'yanka su gani, kuma ka bar kyamara a aljihu, domin mutuncin mabukaci amana ne.

Na sake bi ta Tappen Park da safa da shayi mai zafi, amma ban sami dattijon nan ba, har yau kuma ban sake ganinsa ba. Wannan shi ne abin da ke damuna. Ba kullum ake sake samun dama ba.

Allah Ya gafarta mana sakacinmu, Ya suturta wanda ba shi da sutura, Ya sa mu zama maƙwabta na gari a duk inda Ya ajiye mu. Amin.